Baffa Mai Jinyar Waya

A gidanmu ba a kiran ƙanin mahaifina da sunansa. Manya suna ce masa Rediyo, mu yara muna ce masa Baffa, in ya ba da baya mu ƙara da Rediyon. Ni kuma ya raɗa mini Kunne, domin tun ina ƙarami ni kaɗai nake zama har ya kai ƙarshen labari. Mutane suna yabon haƙurina, alhali gaskiyar ita ce ban iya tashi ba in babba yana magana.

Baffa ya taɓa sana'o'i da dama, kuma bakinsa ne ya raba shi da kowacce. Ya yi gadi a wani kamfani, ya zaunar da baƙon da bai sani ba ya yi masa bayanin ƙofar da ba ta kulluwa, don kawai hira ta yi daɗi. Ya yi aski, mutane suka watse, wai kai ɗaya sai ya ci rabin yini. Shi da kansa yake ba da waɗannan labarai, yana dariya har da share hawaye.

"Ni fa cikina rariya ne," in ji shi. "Abin da ka zuba da safe, ka neme shi a bakin titi da azahar."

Saboda haka ranar da aka ce ofishin lauyoyin da yake wa masinja ya damƙa masa makullin ɗakin ajiyar hujjoji, Inna matarsa ta ce a sake tambaya, ko dai wani mai kama da shi ne. Wa zai ba kura ajiyar nama?

Ɗakin ƙarami ne, ba taga, sai kabad na ƙarfe, da fanka mai kukan tsufa, da kwamfuta ɗaya da ba a taɓa haɗa ta da intanet ba. A cikin kabad ɗin akwai wayoyi da filash da hotunan kyamarar tsaro, kowanne a ambulan mai hatimi. Duk wanda ya taɓa abu sai ya sa hannu, don kada a je kotu a ce an sauya shi a hanya. Baƙo ba ya wuce bencin da ke bakin ƙofa, kuma a kan bencin nan na ji yawancin abin da nake faɗa.

A makon farko Barista, shugabar ofishin, mace mai tsadar magana, ta ba shi lambar sirrin kwamfutar. Baffa ba ya iya danna harafi bai furta shi ba. Ya yi bismilla, ya karanto lambar da ƙarfi har mai shara ta haddace. Washegari aka kawo na'urar da ke buɗewa da yatsa.

"Barista ta ce duk jikina yatsa ne kaɗai ta yarda da shi," in ji Baffa, yana ɗaga mini babban yatsansa. "Shi ne bai taɓa yi da kowa ba."

Ana nan aka kawo wata waya mai fasasshen gilashi. Ta wani direban babbar mota ce da ya rasu a hatsari. Matarsa ta ce da kunnenta ta ji saƙon muryar da mai motocin da yake wa aiki ya turo masa da safen ranar, cewa ya tafi haka nan, a gyara birki in ya dawo. Mai motoci ya ce bai taɓa faɗa ba. Wayar a kulle take, lambar kuma ta tafi kabari da mai ita. Ƙwararren da zai kwafi abin da ke ciki ya aiko cewa yana da dabara muddin wayar ba ta mutu ba tun da aka tsince ta, amma in ta mutu ko sau ɗaya, da wuya a sake jin muryar nan. Sai a rufe mata sabis, a riƙe ta a kunne har ya samu zuwa.

Ga batirinta ya tsufa, ba ta jure rabuwa da caji. Ofis ya sayi fawa-bank biyu, wato batirin aljihu, Baffa yana sauya mata su in an ɗauke wuta. Ya daina zuwa ɗaurin aure mai nisa. Inna ta ce ko 'ya'yansa da suka yi ƙyanda bai yi musu irin wannan jinya ba, ya ce ai su suna da baki, in sun ji jiki za su yi kuka.

Matsalar ita ce mai motocin nan aminin mahaifina ne tun suna yara, shi ya tsaya masa lokacin da shagonsa ya ƙone. Wata safiya Baba ya kira ni.

"Je ka gaya wa Baffanka, ba a ce ya saci komai ba, ba a ce ya yi ƙarya ba. Ya ɗan manta da cajin nan kawai. Mantuwa ai ba baƙuwarsa ba ce."

Na tafi da saƙo a baki. Ina zama na ce, "Baffa, dama Baba ne ya ce..."

"Yaya! Allah sarki. Ka san shi ya koya mini keke? Bari ka ji."

Na ji labarin keke, na ji na mai keken, na ji na surukar mai keken da ciwon gwiwarta. Da aka tashi daga aiki na dawo gida da saƙona bai ko ji iska ba. Na koma, na sake komawa. Na san tarihin kowane wanzamin da Baffa ya taɓa gaba da shi, amma ban taɓa wuce "Baba ne ya ce" ba. Baba ya dube ni ya ce an aiki bawa garinsu, gobe in ɗauke shi a babur ya je da kansa.

Mun tarar da ofis cikin zafi. Tun jiya babu wuta, janareto ya lalace, Barista tana kotu. Fawa-bank ɗaya ya ƙare, ɗayan yana ƙifta fitilarsa ta ƙarshe. Daga benci ina hango wayar a kan shiryayye, igiya a gindinta kamar mara lafiya da ƙarin ruwa. Baffa ya durƙusa ya gai da yayansa. A iya sanina bai taɓa ce masa a'a ba, ko matar da ya aura Baba ne ya nuna masa gidansu.

Baba bai bar masa ƙofa ba, ya faɗi maganar duka a numfashi ɗaya. Sannan ya leƙa ɗakin ya ce, "To ka ma gani, Allah ya hutar da kai. Ba hannunka, ba bakinka. Ka zauna kawai."

Karo na farko a rayuwata na ga Baffa ya buɗe baki babu abin da ya fito. Gumi yana bin wuyansa. Fitilar nan ta ƙifta ta ɗauke.

"Yaya," ya ce, "ka tuna akuyar Kaka? Wadda aka ba mu ajiya ta shiga gonar liman?"

"Ba akuya ta kawo ni ba."

"Ai ita ce mai baƙin kunne. A'a, astagfirullah, uwarta ce mai baƙin kunne. Ita tata ƙafar ce..."

Yana magana idonsa na kan Baba, amma hannunsa ya miƙo ta gefe, tafin a buɗe, daidai gwiwata. Ya san ba na fita ba fawa-bank a aljihu, domin ya sha yi mini tsiya cewa wayata ba mai kiranta sai kamfanin layi, amma kullum cikinta a cike.

Zan so in ce na tuna matar direba da marayunta. Na tuna su, amma daga baya, a kan babur. A lokacin dai babba ne ya miƙo hannu, ni kuma ban iya barin hannun babba a sarari ba. Na zaro na ɗora masa. Ya shiga ɗaki da baya da baya, bakinsa bai tsaya ba, ya sauya igiya, gilashin ya yi haske. Ya rubuta lokaci ya sa hannu, ya dawo ya durƙusa inda ya tashi, ya ci gaba daga ƙafar akuya.

Baba ya dube ni, ya dubi ƙaninsa. Na jira tsawa. Sai ya gyara zama a kan benci ya ce, "Ba gonar liman ba ce, ta ladan ce. Kullum sai ka ɓata labarin nan."

Suka yi ta musu a kan akuya har mai gyaran janareto ya iso.

A hanyar gida ni da Baba muka tsaya a danja. Ya matso kusa da kunnena.

"Batirin nan, ba ni na saya maka ba da ka gama makaranta?"

"Kai ne, Baba."

Aka ba mu hannu, na ja babur, ya sake matsowa.

"In mai motoci ya tambaye ka, ka ce mun je, ban samu shiga maganar ba. Ai ya san Baffanka."

Fawa-bank ɗina ya kwana biyu a tsare, domin Barista ta ce abin da ya shiga ɗakin nan ba ya fita sai da dalili. Sai da ƙwararren ya zo ya kwafi abin da zai kwafa aka sallame shi, na sa hannu na karɓa kamar mai belin ɗan'uwa. Shari'ar tana gaban alƙali har yanzu.

Na tambayi Baffa ko an sami muryar. Ya ce, "Kunne ɗana, tambayi wannan," ya ɗaga mini babban yatsansa. Sannan ya jawo ni kan benci, wai ai bai ƙarasa mini labarin surukar mai keke ba.