Rigar Zirnako da Na Ɗinka wa Yaya

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Da la'asar ɗin Laraba, tara ga watan Yuli, Allah Ya karɓi ran yayata, malamar binciken ƙwari a cibiyar aikin gona, bayan jinyar ciwon zuciya. Ni ce ƙanwarta tela, kuma ina rubuta wannan ne da hawaye, amma kaina a sama yake.

Yaya, a gida mun sha yi miki dariya. Wasu sun yi karatu sun zama likitoci, ke kin yi naki kin ƙare a farautar faɗa-wuta, ƙwarin nan masu fukafukai da ke rububin fitila. Tarkonki akwati ne da ƙwan lantarki a kai, da mazurari, da kwalayen ƙwai a ciki inda suke maƙalewa. Ki kunna da magariba a bakin gona, ki buɗe da asuba, ki duba su ɗaya bayan ɗaya. In kika ga irin wanda tsutsarsa ke cinye masara ya fara yawa, sai ki aika wa manoma su shirya tun ɓarna ba ta soma ba. Sauran kuwa ki sake su cikin ciyawa, kina ba su haƙurin kwanan da suka yi a tsare.

Sai dai ba su kaɗai fitilar ke kira ba. Zirnako ma yana zuwa. Ya faɗa akwatin, ya kwana yana gutsurar faɗa-wuta, gari ya waye masa a fusace yana jiran wanda zai ɗaga murfi. An ce ki riƙa fesa magani kafin ki buɗe, kika ƙi, domin zai kashe har waɗanda ba su ci wa kowa gona ba. Dabararki ita ce sammako, lokacin da sanyi bai saki fukafukansa ba, da ɗaga kwali a hankali kamar mai sauke jariri daga baya.

Wata safiya mota ta ɓata miki lokaci, kika isa rana ta fito. Ɗaya ya harbe ki a wuya. Kafin a kai ki asibiti maƙogwaronki ya kumbura har numfashi yana gagararki. Likita bai ɓoye mana ba: jikinki ba ya ɗaukar dafin, harbi na gaba yana iya zama ajali. Maigidanki da 'ya'yanki suka ce tarko ya ƙare, ni ma da bakina a ciki.

Kina samun sauƙi sai ga ki a shagona da yadi mai kauri da sabon gidan sauro.

“Auta, auna ni,” kika ce.

Na ce, “Haba Yaya, so kike a ce ni na kashe ki?”

“So nake a ce ke kika tsare ni. Damina ta kama, mutane sun yi shuka. In ba ki ɗinka ba, da mayafina zan je.”

Na san halinki, za ki aikata. Na ture ɗinkin mutane gefe, na yi miki riga daga kai har idon sawu, fuskar ta raga, wuyan hannu da na ƙafa da roba, har da safar hannu. Kowane layi sai da na bi shi sau biyu, sannan na ɗaga rigar a taga ina neman inda haske zai ɓullo. Da kika saka, jikokinki suka ruga a guje suna ihun dodo, ke kuwa har da juyi a tsakar gida.

Daga ranar ranki ya koma kan allurata. Duk wayar da ta yi ƙara da sassafe sai in ɗauka da addu'a a bakina. Kowace damina kina kawo rigar in duba, ina mita kina dariya. Shekara da shekaru kika yi kina buɗe akwatin nan, wani lokaci zirnako na yawo a kan ragar daidai hancinki, kuma ba ki taɓa fashin gargaɗin manoma ba. Ina alfahari da ke, Yaya, kuma ba zan yi kawaici ba, ina alfahari da ɗinkina. Ko ɗaya bai sake taɓa fatarki ba. A kan gadonki kika cika, kanki a cinyata.

Ni aka miƙa wa farin yadin likkafaninki. Na zauna da allura ina ɗinki ban san inda hankalina yake ba, sai da gwaggonmu ta dafa hannuna. Ashe na matse layin, na koma ina binsa karo na biyu.

Ta ce, “Sassauta, 'yar nan. Babu abin da zai harbe ta kuma.”

Nan ne kukan da nake riƙewa ya ƙwace mini.

Ya Allah, Ka amsa wannan magana ta gwaggo. Ka tsare baiwarKa daga duk abin cutarwa a kabarinta, Ka yalwata mata shi, Ka haskaka shi, Ka gafarta mata kurakuranta. Ka sanya kowane buhun hatsin da ya tsira ta dalilinta a mizaninta. Ga maigidanta, da 'ya'yanta da jikokinta, da abokan aikinta, ina miƙa ta'aziyyata, ni ma ina karɓar taku. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.