Irin Albasar Malam Sabi'u

Shekara arba'in Malam Sabi'u yana noman albasa a Danwarai da irin da mahaifinsa ya bar masa, irin da albasarsa ke daɗewa a ajiye ba ta ruɓe ba. Shekarar da ambaliya ta cinye fadama, irin da ya rage bai wuce cikin tafin hannu ba.

Sai Humaira, ɗiyar ƙanensa mai bincike a jami'a, ta zo roƙo. Za ta niƙa irin, kwamfuta ta karanta ƙwayoyin gadonsa, ta zana siffar furotin da ke hana ruɓa.

"Wanda aka niƙa yana tsirowa?" ya tambaya.

"A'a, Baba."

Ya raba irin biyu, ya ƙulle mata rabi a tsumma.

"Tafi da shi, ɗiyata. Ki adana shi inda ruwa ba ya kaiwa."