Saƙon Kebbe da Aka Raba Biyu

'Yata injiniya ce ta na'ura mai ƙwaƙwalwa. Kwanaki ta zauna tana yi mini bayanin aikinta, wai yanzu saƙo na iya isa inda za shi ba a kwafe shi a hanya ba, muddin girman kowane ƙunshi ya yi daidai da ma'aunin da aka gindaya. Na bar ta ta gama.

Shekarun da aka ba mu jiha, kuɗin mai na shigowa, ni ke riƙe da oba-oba, wato rediyon aika saƙo, a wani ofishi a Tambuwal. Saƙo in ya zo in rubuta a littafi, akawu ya kwafe a fom, mai tafireta ya sake bugawa. Fom ɗin layi biyar ne. Abin da ya wuce sai a raba shi biyu.

Wata safiya da damina, malamin asibitin Kebbe, abokina tun firamare, ya kira. Amai da gudawa sun ɓarke a Fakku, a turo ruwan ƙari. Ya ce kuma rafi ya cika, kada mota ta bi hanyar da aka saba, ta zagaya ta tudu.

Maganar rafin ce ta faɗa fom na biyu, layi ɗaya tak. Na kai wa babban akawu duka biyun.

"Ranka ya daɗe, tare za su tafi."

Bai ko ɗago kai ba. "Takardar gwamnati kaka son a ɓata kan layi guda? Bari ta cika tukuna." Ya tura fom na farko, ya ajiye na biyun.

Da ƙafata zan iya zuwa in gaya wa direban da zai kai maganin, garejin na bayan ofis. Na ji tsoron a ce na tsallake na gaba da ni, na koma kujerata.

Motar ta kafe a rafi kwana biyu. Kafin maganin ya isa an binne yara da yawa, har da 'yar ƙanwar abokina.

Bayan wata guda aka yi wa babban akawun ƙarin girma, aka mayar da shi Sakkwato. Abokina kuwa bai taɓa tambayata abin da ya faru ba. Ya ci gaba da kira kan aiki, sai dai ya daina gaishe ni kafin ya fara karanto saƙo. Haka muka yi shekara shida, har aka sauya masa wuri.