Mbah Sugiyo Zai Bar Gindin Tsamiya

Ana sallame sallar asuba yake turo akwatinsa zuwa gindin tsamiyar da ke bakin kasuwar unguwarmu a birnin Solo. Ya cika daro da ruwa don neman hujin tiyub, ya jera sipanoninsa a kan buhu, ya kafa famfo. Shekara arba'in da ɗaya ke nan Mbah Sugiyo, wato Kaka Sugiyo da yarenmu, yana gyaran keke a wurin, kuma da wuya ka same shi a zaune. Ko shayi a tsaye yake sha, idonsa a kan titi.

Shekara uku da suka wuce kekunan lantarki suka cika mana lunguna. Ba ƙara, ba gumi, murɗa hannu kawai. Matan da ke takawa zuwa kasuwa suka daina takawa. Liman ma, da gidansa ke kallon masallaci, ya sayi nasa. Aiki ya ja baya a gindin tsamiya, Mbah ya rasa sukuni. Sai ka gan shi ya je bakin titi ya dawo, ya goge sipanar da ya riga ya goge, ya sake komawa.

A lokacin ne Bu Warsiti, wato Inna Warsiti, mai tallar jamu, jiƙon citta da gangamau da take zubawa a kwalabe, ta turo masa tsohon kekenta. Ɗanta da ke aiki a Jakarta ya aiko mata da na lantarki.

"Mbah, karɓi wannan gwangwan, ka cire abin da zai yi maka amfani," ta ce.

"Shekara ashirin yana ɗaukar ki, yau ya zama gwangwan? Allah ya sa ba haka za ki yi wa mijinki ba."

"Shi ai ya fi keken lalacewa. Kai ma zamani ya wuce ka, Mbah."

Dariya ya yi, amma bai kwance ko noti ɗaya ba. Ya shafa wa kaca giris, ya rataye keken a reshe. Wasu ma suka kawo nasu, ya yi musu haka, har tsamiyar ta koma kamar shago.

Kada a ɗauka gaba yake yi da sabon abu. Da ya ga wata uwa ta faɗi da goyo a kwanar kasuwa saboda birkin kekenta na lantarki ya ƙi, sai ya ari keken lantarkin surukinsa ya kwance ƙafafun, kwana huɗu yana nazari da tabarau a kan hanci. Tun daga nan duk wanda ya gifta sai ya ɗaga masa hannu ya matsa birkin ya ji. Ya sha baƙar magana wajen masu sauri, bai fasa ba.

Wata takwas bayan haka, da rana tsaka, batirin keken Bu Warsiti ya mutu a kan gada. Ta turo abin da kwalabe goma sha biyu a baya, ta iso tana haki.

"Ba batirin ne ya fi damuna ba," ta ce bayan ta sha ruwa. "Da, ƙarar kwalabe masu saye suke ji su fito. Yanzu kafin su buɗe ƙofa na wuce. Ga ƙafafuna sun yi nauyi, ɗan wannan turin ya kusa kashe ni."

"In tafiya ce mai nisa, ki hau naki na zamani, ba laifi," in ji Mbah. "Amma lungu na ƙafa ne da feda."

Ya sauko mata da kekenta, ya ba shi iska. Har yau a kansa take talla, na lantarkin kuma sai ranar zuwa ƙauye.

Mbah Sugiyo, kai ne ka ƙi yarda a yar da abin da ke da sauran amfani. Kai ne ka koyi sabon aiki kana da shekara sittin da bakwai, don kada 'ya'yan mutane su karye. Ba mu san adadin haɗarin da ka tare ba, kai ma ba ka sani ba.

Ranar Asabar 'yarsa za ta zo ta tafi da shi garin Klaten, don hannunsa ya fara karkarwa, noti na suɓuce masa. Kekuna ashirin da uku da ya adana ya miƙa wa mai unguwa, ya ce duk mai buƙata ya ɗauka. Abin da ke hana shi natsuwa shi ne har yanzu babu wanda ya ce zai zauna a wurin. Jiya sau uku yana tambayata ko an samu.

Mun gode, Mbah. Allah ya huta gajiya, ya ba da lafiya. Mu kuma da muka rage, ko ba mu iya riƙe sipana ba, mu duba birkinmu kafin mu hau titi, mu riƙa taka ƙafa zuwa inda ƙafa za ta kai. In kuma akwai mai hannun gyara a cikinku, ya zo kafin Asabar. Tsohon yana so ya nuna masa aikin da kansa.