Motocin Manya Sun Daina Zuwa Garejin Yaya Hamisu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Hamisu Bakanike, wanda ya daɗe yana shugabantar kanikawa da masu sayar da kayan gyaran mota na bakin titi a wajajen Kasuwar Kwastam. Ni ƙanensa ne, gida ɗaya muka tashi a unguwar Lamisula. Aikin rediyo na yi har na yi ritaya, an kuma horar da ni kada in faɗi abin da ban tabbatar ba. To abin da na tabbatar shi ne: filin da ya ƙarar da ƙarfinsa yana nema wa mutanensa, har yau ba su samu ba.

Buƙatar ba ta da yawa. Wuri ɗaya suke so, na dindindin, inda bakanike zai kafa rumfa, mai kayan gyara ya gina shago, ba tare da fargabar a wayi gari an ce su tashi ba.

Yaya ba ya kamun ƙafa a ofis. Ya ce a ofis mai gadi ne ke yanke hukunci. Shi hanyarsa ta direbobi ce. A lokacin, motocin 'yan siyasa duk wurinsa ake kawo su. Idan ya gama gyara, sai ya hana direba makulli, ya ce sai mai mota ya zo an yi gwaji da shi.

Na taɓa shiga irin wannan gwajin, ina kujerar baya. Wani ɗan majalisa ne, ya zo a fusace. Yaya ya karɓi tuƙi, ya miƙi hanyar Konduga, gari na ta raguwa a bayanmu.

"Hamisu, gwaji ne ko sace ni za ka yi?"

"Ranka ya daɗe, ciwon motar nan ba ya fitowa sai an yi nisa."

"Wane ciwo kuma? Lafiya lau nake jin ta."

"Ita ta warke. Saura mu."

Ya tsaya a gefen wani fili fetal, ya kashe mota, ya yi bayaninsa a tsanake: ga inda kanikawa za su zauna, ga layin masu walda, ga na masu kayan gyara. Mutumin ya yi dariya har da dukan cinya, ya ce tunda yake ba a taɓa ritsa shi haka ba, ya kuma yi alkawari. An kai maganar gaba, an kafa kwamiti, an zo an auna. Daga nan zaɓe ya zo, mutumin ya faɗi. Wanda ya gaje shi ma sai da Yaya ya kai shi gwaji. Yana tsakiyar bin na uku ajali ya same shi.

Da zai dawo yau, ba katangar da wasu suka zagaye filin nan da ita ba ce za ta fi ba shi mamaki. Ya saba da irin wannan. Abin da zai karya masa gwiwa shi ne manya ba sa kawo mota kuma. Motocinsu na yanzu na kwamfuta ne. Na'urar da ke karanta ciwonsu tana hannun kamfani, kayan gyaransu ma sai ta wurin kamfani. Idan mota ta lalace, babbar mota ake sa ta ɗauke ta zuwa Kano ko Abuja. Babu direban da zai zauna a kan benci ya sha shayi ya tsegunta maka inda maigidansa zai kasance gobe. Ƙofa ɗaya kanikawa suke da ita zuwa ga masu mulki, ba kuma wanda ya rufe ta da gangan. Zamani ne ya ɗauke ta.

Bitrus, mutumin Biu mai sayar da kayan gyara, shi ne aminin Yaya, shi ya gaji kujerarsa ta shugabanci. Ambaliya ta ci rabin kayansa, ya sake tattara abin da ya saura. A makon jiya na same shi zaune, an shafa wa bangon shagonsa jan fenti, alamar tashi. Na tambaye shi ko sun ga wani daga cikin manya.

"Malam, wa za mu gani? Mun je, mun yini a bakin ƙofa. Wani yaro ya fito ya ce Oga ya gode da ziyara."

Yaran da Yaya ya koyar suna nan. Suna jin ƙarar inji su faɗa maka ciwonsa, kamar yadda ya koya musu. Sai dai da yawansu sun koma tuƙa keke mai ƙafa uku, domin ba wanda zai sayi kayan aiki ya girke a wurin da ba shi da tabbas. Wannan kunnen shi ne gadon da ya bari, kuma ina kallonsa yana salwanta a cikin cunkoson titi.

Da zan bar shagon na ce wa Bitrus, da Yaya na raye da ya san dabarar da zai yi. Sai ya ce:

"A'a, Malam. Gara da Allah ya ɗauke shi yana tsammanin za a bayar."

Ban iya musa masa ba. Allah ya jiƙan Yaya Hamisu, ya ba shi masaukin da ba a tashin kowa.