Kofin Shayi a Kan Akwatin Yaya Isiyaka

Shekara tara ke nan cif da muka kai yayana Isiyaka makwancinsa, Allah ya jiƙansa da rahama. Na saba in yi wannan rana shiru, in ziyarci kabarinsa, in koma gida. Bana ba zan yi shiru ba, domin ana cinikin sunansa a babbar kasuwar Garwa, kuma mai cinikin ɗansa ne na cikinsa.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Isiyaka kafinta ne mai haɗa lasifikar gida, abin da a nan muke kira bafal. Gidanmu gidan mahauta ne. Ni boko ya ɗauke ni, na yi aiki a ma'ajiyar takardu ta meri, wato ofishin magajin gari, har na yi ritaya. Shi kuwa ya ajiye wuƙa ya kama zarto. Ya yi shekaru a Duwala a shagon wani mai gyaran rediyo, inda masu hali ke kawo manyan lasifikun Turai. Duk wadda aka kawo sai ya buɗe ta, ya auna kaurin katakonta da faɗin cikinta da tsawon bututun da iska ke fita, ya rubuta. Da ya dawo gida, littafi guda mai baƙin bango ya riƙo. Littafin yana hannuna, shi ya ba ni kafin ya rasu.

A wancan zamani, mai son lasifika ta ƙwarai a garin nan sai ya aika waje, ya jira watanni, ta hawo jirgin ƙasa, ta sauka, ta hau mota, sau da yawa ta iso da kusurwa a fashe. In ta tsira daga hanya, zafin bazararmu ya cinye soson da ke kewaye da bakinta. Saboda haka Yaya ya riƙa sayo bakin lasifikar kaɗai, mai gefen roba da ke jure zafi, akwatin kuma ya haɗa shi a nan. Da busasshen katakon maɗaci yake aiki, mai kaurin yatsa biyu. Ya tokare ciki da sanduna, ya cusa audugar da ya auna a sikeli, ba da ka ba. Mutum ɗaya ba ya ɗaga akwatinsa.

Abin da samari ke kira bas, shi gindin sauti yake ce masa, kuma bai yarda cewa girgiza ce gindin sauti ba. Gwaji biyu yake yi wa kowane akwati. Na farko, kaset ɗin kalangu da ya ɗauka da kansa a mahauta, lokacin da makaɗin babanmu ke raye. In ba ka ji yadda makaɗi ke matsa tsarkiya a hammata ba, murya na hawa tana sauka har ka gane taken wane mahauci ake kaɗawa, to akwatin ƙarya yake yi. Na biyu, ya cika kofin shayi har baki, ya ɗora a kan akwatin, ya ƙure murya. Sauti ya cika ɗaki, ka ji shi a ƙirji, amma shayin kada ya motsa. Yakan ce aikin akwati shi ne ya yi shiru, baki ya yi magana.

Ina nan ranar da wani dillalin shanu ya taso daga Meiganga da mota don ɗaukar nasa guda biyu. Aka ɗora kofi, shayin ya yi ɗan zobe a tsakiya, wanda ni sai da na sunkuya kafin na gani. Alhajin ya ce shi ya gamsu, a loda. Yaya ya ce, "Alhaji, ka gamsu, ni ban gamsu ba." Ya kwance akwatin a gabansa. Mutumin ya koma da mota wayam yana faɗa, bayan mako uku ya dawo ya ɗauka. Sai bayan irin wannan gwaji Yaya ke gasa tambarinsa na ƙarfe a wuta, ya buga a bayan akwati.

Wannan tambari shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ɗansa Sanusi ya gaje shi tare da shagon. Yau shagon cike yake da akwatunan falanki marasa nauyi, da ake sauke su daga kwantena, gabansu da fitilu ja da shuɗi suna ƙyaftawa. Sayar da su ba laifi ba ne, kowa da abin da aljihunsa zai ɗauka. Laifin shi ne Sanusi yana gasa ƙarfen ubansa yana buga musu, yana gaya wa mai saye cewa awon tsohonsa ne. Na ƙirga da idona: goma sha huɗu a jere, kowanne da tambarin mutumin da bai taɓa ganinsu ba.

Makon jiya ya zo gidana neman littafin. Yana so ya sa shi a gilashi a ƙofar shago, ya ɗauki hoton shafukan ya yaɗa a waya. Washegari da hantsi na je shagon da kaset ɗin da butar shayi. Na zaɓi mafi tsadar akwatunansa, na cika kofi na ɗora, na ce a kunna. Kofin ya yi tafiya da kansa har gefe, shayin ya zubo kan fitilun. Kalangun kuwa ya zama gurnani guda, kamar babbar mota na tsallaka gadar Binuwai. Taken babanmu ake kaɗawa, ban gane shi ba.

"Baffa, zamani ya wuce nan," in ji shi. "Mai saye yanzu so yake taga ta girgiza. Wa zai zauna jin kalangu?"

Na ce masa to ya sayar da girgizarsa da sunansa, ya bar na ubansa.

Ya yi dariya ya ce, "Sunana ba ya sayar da kaya, Baffa."

Ban taɓa jin iƙirari mai tsabta kamar wannan ba, kuma na rubuta shi yadda ya faɗa.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga kasuwar yau. Ba na jin zai ƙi zamani. Mutum ne mai son sabon abu, kuma da zai yi murna cewa bakin lasifikar da yake jira wata huɗu yanzu ana iya ganinsa a waya a aika a kawo. Abin da zai ba shi takaici shi ne, duk da wannan sauƙi, lasifika ta ƙwarai ta fi wuyar samu a Garwa fiye da da. Ka zaga rumfuna tun safe, ba za ka sami wadda aka yi don zama a ɗaki a saurara ba. An cika gari da ƙara, an kuma koya wa yara cewa ƙarar ita ce inganci. 'Yan kasuwar da suka yi wannan sun san abin da suke yi. Na san iyayensu, mutane ne da ba sa sayar da ƙyalle sai sun nuna maka inda ya yage.

Saboda haka ga matsayina, a rubuce, don kada gobe a ce ba a ji ba. Littafin ba zai shiga gilashi ba. Littafin aiki ne, kuma zan miƙa shi ga duk kafintan da ya haɗa akwati ya kawo gidana shayi ya tsaya a kansa, ko Bahaushe ne ko Bafulatani ko daga kudu ya zo. In Sanusi ne ya kawo, shi zan fi murna da ba wa. Kafin nan, duk wanda aka nuna wa tambarin Isiyaka a kan sabon akwati, ya sani Isiyaka ya shekara tara a ƙasa. Ya nemi kofi ya gwada.

Sanusi ya faɗa wa maƙwabtansa cewa baffansa ya kurmance, ba ya bambance sauti. A wannan yana da rabin gaskiya. Kunnena na hagu ya tafi, na dama yana bin sa, kuma akwai ranar da ba zan ƙara jin taken babanmu ba. Amma akwati biyu na ƙarshe da Yaya ya haɗa suna ɗakina. Yau da safe, da na dawo daga maƙabarta, na cika kofi na ɗora, na sa kaset ɗin, na ƙure murya har matata ta leƙo daga tsakar gida. Na zauna ina kallon shayin har ya huce. Bai motsa ba.