Kawu Rilwanu da Tukwicin Hagu

Jama'a, a gyara zama! Ga Kawu Rilwanu, sarkin ajiye wa baƙi motoci a wani gidan abinci a unguwar Harlem ta Amurka, shekara sha tara bai taɓa kwarzane motar kowa ba.

Ƙa'idarsa ɗaya: ba a ba shi tukwici da hagu. Direban Amurka kuwa a hagu yake zama, hagun ce ke leƙowa ta tagar mota da dala. Sai Kawu ya zagaya zuwa ɗaya tagar, dole a miƙo da dama. Masu sauri kan tafi da kuɗinsu.

Na ce, "Kawu, wannan asara fa? Ni ko da ƙafa aka miƙo, karɓa zan yi."

Ya ce, "Na sani. Shi ya sa ban nema maka aiki a nan ba."